Farasitamol da Hanta: Ƙwaya Nawa Ka Sha Yau?

[Taken shiri]

  Iyayenmu mata da ke cikin gida, 'yan kasuwa a rumfunanku, direbobi da ke bisa hanya, da ku masu kemis da na san rediyonku a kunne yake wuni, ku ba ni aron hankalinku. Maganar yau ta shafi wani abu da ke cikin aljihun da yawa daga cikinmu yanzu haka, ko a ƙarƙashin matashin kai, ko a cikin gwangwanin da uwargida ke ajiye allura da zare.

Farasitamol nake nufi. Mu a nan, ko wane kamfani ya yi shi, Panadol muke ce masa. 'Yan'uwanmu na Maraɗi da Damagaram da Yamai sun fi saninsa da Doliprane ko Efferalgan, mutanen Amurka kuma da Tylenol. Suna ne ya bambanta, abin da ke ciki ɗaya ne.

Bari in fara da ba shi haƙƙinsa, don kada wani ya kashe rediyo ya tafi yana cewa yau an hana shan Panadol. Ba a hana ba. Tun da ya shiga kasuwa, a Amurka a 1955, a Ingila a 1956, magungunan ciwo da zazzaɓi kaɗan ne suka kai shi sauƙi ga jiki. Yana cikin jerin magungunan da Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce bai kamata a rasa su a kowace ƙasa ba. Shi ake ba mai juna biyu, shi ake ba jariri, shi ake ba mai gyambon ciki wanda ibufurofen ko dikilofenak za su iya tayar masa da ciwo har ya yi aman jini. Duk wanda ya ji shirin nan ya watsar da farasitamol ya koma shan waɗancan kullum, bai fahimce ni ba, kuma cikinsa da ƙodarsa ne za su biya. Abin da nake so mu gane shi ne, maganin nan yana da iyaka, iyakar ba ta da nisa, kuma wanda ya ƙetare ta ba ya ji a jikinsa sai lokacin ceto ya kusa wucewa.

Ga iyakar. Farar ƙwayar da muka saba da ita miligiram 500 ce. Babba mai lafiya zai sha 1 ko 2 a lokaci guda. Tsakanin sha da sha a bar aƙalla awa 4, in an bar 6 ya fi. A cikin awa 24 kada a wuce sha 4, wato ƙwaya 8, giram 4 ke nan. Awa 24 fa na ce, har da dare. Wanda aka tashi aka sha ƙarfe 2 na dare yana cikin lissafi. Akwai kuma ƙwaya mai miligiram 1000, an fi samunta a Nijar, ita guda ɗaya a matsayin 2 take. Wanda nauyinsa bai kai kilo 50 ba, kamar tsohuwar da ta rame ko yarinya siririya, ko 8 ɗin ma ta yi masa yawa, sai ya tambayi likita ko mai ilimin haɗa magunguna.

Nakan ji maza suna cewa, "Ni ƙato ne, biyu ba ta yi mini komai, sai huɗu." Wani ya ce jikinsa ya saba. Ɗan'uwa, abin da ya haura ƙwaya 2 a sha ɗaya ba ya ƙara maka wani sauƙin kirki. Ƙarfin maganin wajen kashe ciwo yana da inda yake tsayawa, ƙarfinsa wajen cutar da hanta kuwa hawa yake ta yi. Mai ciwon kai kuma da ke sha kusan kullum, ya sani cewa wanda ke shan maganin ciwo kwana 15 ko fiye a kowane wata, wata da watanni, maganin da kansa kan zama mai jawo ciwon kan.

Sai dai yawancin masu ƙetare iyaka ba da gangan suke yi ba, ba su ma san sun yi ba. Mu ɗauki misali. A ce ga wani bawan Allah mai dakon siminti, mura ta kama shi, ga haƙori yana damunsa. Da asuba ya sha farasitamol 2 ya fita nema. Da hantsi hanci ya toshe, ya sayi maganin mura ya afa 2. Da azahar ya tsaya wurin mai kemis ya ce, "Malam, haɗa mini na gajiya." Aka ƙulla masa ƙwayoyi kala-kala a leda, ba kwali ba suna, a ciki akwai farare 2. Da la'asar haƙori ya motsa, ya ce yau sai 3. Bayan isha'i maƙwabcinsa ya miƙo masa wani kati ya ce, "Gwada wannan, ya fi naka ƙarfi," ya sha 2. Tsakar dare haƙori ya hana shi barci, ya ƙara 2. In ka tambaye shi da safe, zai rantse maka farasitamol 7 kacal ya sha jiya, bai ma kai 8 ba. Hantarsa kuwa 13 ta karɓa, giram 6 da rabi. Gobe ma haka, jibi ma haka, domin haƙorin da ya ruɓe ba ya warkewa da ƙwaya.

Ina ragowar 6 ɗin suka fito? Daga magungunan da ba a kiransu farasitamol amma shi ne ginshiƙinsu. Procold da Mixagrip na mura, akwai shi a ciki. Boska da Panadol Extra, shi ne aka haɗa da sinadarin da ke cikin kofi. Ibucap, shi ne da ibufurofen. Fervex da ake jiƙawa a ruwa a Nijar, akwai shi. Haka wasu haɗe-haɗen tiramadol da na dikilofenak. Allurar zazzaɓin da ake yi wa mutum a kemis, sau da yawa ita ma shi ce. Magungunan nan ba su da laifi, masu yin su sun rubuta abin da ke ciki a jikin kwali. Mu ne ba ma dubawa, wani lokaci kuma ba a ba mu kwalin ba balle mu duba. Wanda ya iya karatun boko ya juya kwali ya nemi ƙananan rubutu. In ya ga kalma mai farawa da P, A, R, A, C, to shi ne. In kayan Amurka ne, kalmar da A, C, E, T, A take farawa. Wanda bai iya ba, tambaya ɗaya ta ishe shi: "Malam, wannan akwai farasitamol a ciki? Na riga na sha da safe."

[Ɗan gajeren kiɗa]

To me ya haɗa ƙwayar ciwon kai da hanta?

Hanta tana gefen dama, a ƙarƙashin haƙarƙari, nauyinta wajen kilo 1 da rabi a jikin babba. Duk abin da muka haɗiya, in ya bar hanji ya shiga jini, wurinta yake fara biyawa. Ita ke ajiye sukari ta riƙa sakinsa lokacin da ba mu ci abinci ba. Ita ke yin sinadaran da ke sa jini ya daskare in an yanke. Ita ke tace dattin da in ya taru zai taɓa ƙwaƙwalwa. Idan farasitamol ya iso gare ta, kusan kashi 9 cikin 10 takan sarrafa shi ta hanyoyi marasa illa, ya fita ta fitsari. Ɗan abin da ya rage, wajen sarrafa shi sai ya rikiɗe ya zama guba, wadda masana ke kira NAPQI a taƙaice. Wannan yana faruwa ko ƙwaya 1 ka sha. Ba ya cutar da kai ne saboda Allah ya ajiye wa hanta wani sinadari, gulutatayon, mai kama gubar nan take ya kashe kaifinta.

Ku ɗauka mai tuya ce a gindin zana, ga randar ruwa kusa da ita. Duk tartsatsin da ya faɗa kan zana, sai ta ɗebo ruwa ta kashe. Randar kuwa a hankali ake cika ta. Muddin tartsatsi jefi-jefi ne, ba abin da zai faru. Ranar da ya yi yawa har ruwa ya ƙare, zana ta kama. Haka in magani ya yi yawa: hanyoyin nan marasa illa su cika, kaso mai yawa ya koma guba, gulutatayon ya ƙare, gubar ta shiga kashe naman hanta.

Duniya ba ta san haka ba sai da aka yi shekara 10 ana sayar da maganin. A 1966 likitoci a Sikotland suka fara ba da rahoton mutanen da hantarsu ta lalace bayan sun sha shi da yawa. A 1973 masu bincike a Amurka suka gano yadda gubar ke aiki. Kafin shekarun 1970 su ƙare, wani likita a birnin Edinbara, Laurie Prescott, da abokan aikinsa suka nuna cewa akwai makari: wani magani mai suna asitilsistin, likitoci na ce masa NAC, wanda ake sakawa a ƙarin ruwa. Aikinsa shi ne ya kawo wa hanta kayan da za ta sake haɗa gulutatayon da gaggawa.

Jama'a, nan ne zuciyar maganar, ku saurara da kyau. Makarin nan, in an fara shi cikin awa 8 na farko, kusan kowa yana tsira ba tare da hantarsa ta yi mummunar lalacewa ba. Bayan awa 8, ƙarfinsa raguwa yake yi awa bayan awa. Kuma a cikin waɗannan awa 8 ɗin, mutum lafiyarsa ƙalau a ido. Yana magana, yana tafiya, yana iya cin tuwo. In ya yi yawa ya ji tashin zuciya, ya yi amai sau ɗaya ko biyu, ya yi gumi. Wani ko wannan ba ya ji. Farasitamol ba ya sa maye, ba ya sa barci, ba ya kayar da mutum nan take kamar maganin ƙwari. Sai 'yan gida su dube shi su ce, "Alhamdu lillahi, abin bai kama shi ba."

A kwana na biyu aman ma yakan tsaya, sai hankalin kowa ya ƙara kwanciya. A lokacin ne hanta ke mutuwa. Wani zai fara jin ciwo a gefen dama ƙarƙashin haƙarƙari, fitsari ya ragu. In an auna jini a ranar za a ga ɓarnar ƙarara, amma wa zai je awon jini yana jin ya warke? Kwana na uku zuwa na huɗu sai ido ya yi rawaya, fitsari ya yi duhu, dasashi ya fara zubar da jini, sukarin jiki ya faɗi. Mutum ya fara ruɗewa, ya kwana ido biyu ya wuni yana barci, ya daina gane 'yan gidansu, daga nan sai doguwar suma. Sau da yawa ƙoda ma takan tsaya.

A nan ne mu kuma muke ƙara wani jinkirin. Ido ya yi rawaya, sai a ce shawara ce, a tafi neman saiwar rawaya a jiƙa. Ya fara sambatu, sai a ce iska ce ko sammu. Ba wanda zai tuna da ƙwayoyin da aka sha kwana 3 da suka wuce, domin a tunaninmu Panadol ba abin da ake ambata wa likita ba ne. Shawara fa alama ce, ba cuta guda ba. Abubuwa da yawa ke kawo ta, kuma kowace iri ce, wurin awon jini ya kamata ta fara zuwa.

Wanda ya tsallake wannan mataki, hantarsa takan farfaɗo ta koma daidai cikin makonni, domin Allah ya yi ta mai sake tsirowa. Wanda tasa ta gama lalacewa kuwa, sai dashe. Ku lura da bambancin: mai ciwon ƙoda yana da injin wankin ƙoda da zai riƙe shi shekaru, kuma tun 2002 ake dashen ƙoda a Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano. Hanta ba ta da injin da zai tsaya a madadinta haka. Masu neman dashenta daga ƙasashenmu, Indiya ko Masar aka fi kai su, da kuɗin da talaka ko a mafarki bai taɓa riƙewa ba, wannan ciwon kuma kwanaki kawai yake bayarwa, ba ya jiran biza.

Saboda haka ga abin yi. Duk wanda ya sha fiye da ƙa'ida, ko a tashi ɗaya ko a rarrabe, ko yaro ya samu kati ko kwalba ya sha ba a san adadi ba, a tafi asibiti a lokacin, ko da yana dariya. Kada a ce bari a ga yadda zai kwana. Kada a ɗura masa manja ko madara, ba sa kare hanta, lokaci kawai suke ci. Kada a sa masa yatsa a maƙogwaro. A kwashi katin maganin da kwalin da kwalbar, har wanda aka shanye, a tafi da su. Abu uku likita ke son ji: me aka sha, nawa aka sha, ƙarfe nawa aka sha. In an isa cikin awa ta farko, akwai wani gawayi na musamman da akan bayar ya kama maganin tun yana ciki. Na asibiti ne, ba na murhu ba, kada wani ya daka gawayi a gida. Inda ake da kayan awo, akan auna yawan maganin a jini daga awa 4 da sha, a kuma duba lafiyar hanta. Makarin ba kowane ƙaramin asibiti ke ajiye shi ba, don haka in da hali a nufi babban asibiti kai tsaye, in kuma an fara da na kusa, a nemi su tura da wuri. Wanda ya riga ya wuce awa 8, ko kwana ɗaya, ko biyu, kada ya ce ya makara ya zauna. Makarin yana taimakawa ko hanta ta fara taɓuwa.

Kada kuma mai dakon simintin nan ya ce shi ai a rarrabe ya sha, ba a tashi ɗaya ba. Likitocin Edinbara sun bi bayanan marasa lafiya fiye da 600 da farasitamol ya lalata wa hanta, suka fitar da sakamako a 2011. Wajen kashi 1 cikin 4 a rarrabe suka sha, yawancinsu don neman sauƙin ciwo, kuma mutuwa ta fi yawa a cikinsu fiye da waɗanda suka sha a tashi ɗaya. Dalili a fili yake: su ba su san akwai abin da ya faru ba, sai su zo a makare. A Amurka ma, wani babban bincike da aka buga a 2005 ya nuna cewa kashi 42 cikin 100 na masu mutuwar hanta farat ɗaya, farasitamol ne sanadi, kuma kusan rabinsu ba da niyya suka yi ba.

[Ɗan gajeren kiɗa]

Akwai waɗanda tun asali ajiyar hantarsu ba ta da yawa, su iyakarsu ta fi kusa. Wanda ya kwana biyu ba ya cin abinci saboda ciwo. Yaro mai tamowa. Mai shan giya ko burkutu kullum. Mai shan maganin tarin fuka ko wasu magungunan farfaɗiya. Sai mai ciwon hanta, kuma wannan ya shafe mu ƙwarai: binciken ƙasa da aka yi a Najeriya a 2018 ya nuna wajen mutum 8 cikin 100 na manya suna ɗauke da ƙwayar cutar hanta nau'in B, akasarinsu ba su sani ba. Ba a hana irin waɗannan shan farasitamol ba, hasali ma ga mai ciwon hanta ya fi su ibufurofen aminci, sai dai likita kan rage masa adadi, sau da yawa zuwa rabi.

Ga masu azumi, kalma ɗaya. Azumi ba ya hana shan maganin bisa ƙa'ida. Kuskuren shi ne a matse shan yini guda tsakanin buɗa-baki da sahur, ko a haɗiye 4 da sahur wai don kada kai ya yi ciwo da rana. Tazarar awa 4 tana nan, ƙwaya 2 tana nan, ko a Ramadan ko a Shawwal.

Yanzu iyayena mata, maganar yara. Yaro ba da shekaru ake auna masa ba, da nauyi ne: miligiram 15 a kan kowane kilo, sau 4 a yini in ya yi yawa. Yaro mai kilo 10, rabonsa miligiram 150 a sha ɗaya. Maganin ruwan da aka fi sayarwa yana da miligiram 120 ko 125 a kowane mil 5, don haka wajen mil 6 ke nan. Amma kwalba ba ɗaya ba ce. Akwai ta manyan yara mai 250 a mil 5, ninki biyu. Akwai ta ɗigawa ta jarirai mai 100 a mil 1 tak. Wadda ta zuba wannan a cokali kamar yadda ta saba da mai 120 ko 125 ɗin, ta ba ɗanta ninki huɗu. Cokalin gida kuma ba ma'auni ba ne, wani ya ci biyun wani. A yi amfani da ɗan kofin da ke zuwa da kwalbar, ko a sayi sirinji marar allura, a ce mai kemis ya nuna layin da za a tsaya.

Abin da ya fi tayar mini da hankali a gidajenmu shi ne hannu da yawa. Yaro yana zazzaɓi, uwa ta ba shi. Ta shiga wanka, kaka ta taɓa goshinsa ta ji zafi, ta ba shi. Abokiyar zama ta leƙo da nata da ya rage na ɗanta. Maigida ya dawo da magariba da sabuwar kwalba ta mura, ita ma da farasitamol a ciki. Kowa ƙauna ce ta sa shi, ba wanda ya tambayi wani. Hajiya, a bar mutum ɗaya ya riƙe maganin yaro, shi kaɗai ke bayarwa, ya riƙa lura da lokaci, ko da lokutan salla ne zai yi alama da su. Magungunan da ake sayarwa na fitowar haƙori ma a duba su, wasu da shi a ciki. Ba mu manta da My Pikin ba, maganin fitowar haƙorin da ya kashe yara 84 a Najeriya tsakanin 2008 da 2009. Wancan gurɓataccen haɗi ne ya lalata musu ƙoda, ba yawan sha ba, amma ya isa ya sa kowace uwa ta duba lambar hukumar NAFDAC kafin ta buɗe kwalba.

Sannan a tuna farasitamol sauke zafin jiki yake yi, ba ya kashe ƙwayar zazzaɓin cizon sauro, ba ya maganin taifot ko ciwon huhu. Yaron da zafi ke sauka yana dawowa, awo yake buƙata, ba ƙarin cokali ba. Jaririn da bai kai wata 3 ba kuwa, da zarar jikinsa ya yi zafi asibiti za a nufa, kafin a ba shi komai. Babba ma, ciwon da ya kwana 3 ana sha bai tafi ba, a je a nemi tushensa. Haƙori a kai shi wurin likitan haƙori.

Masu sayar da abinci da ke jefa ƙwayoyin nan a tukunya don ganda ko ƙafar saniya ta yi saurin nuna, hukumar NAFDAC ta yi gargaɗi a kan haka. Kuna shayar da mutane magani ba da saninsu ba don ku rage kuɗin itace. Ku ji tsoron Allah ku bari.

Akwai wata magana mai nauyi da ba zan tsallake ba. Wani lokaci ɓacin rai ne. Yarinya an matsa mata, ko matashi duniya ta yi masa zafi, ya kwashi abin da ya samu a ɗaka ya haɗiye. Sau da yawa kafin gari ya waye ya yi nadama, ya ga kuma ba abin da ya same shi, sai ya yi shiru. In 'yan gida sun sani, su ma su rufe don gudun abin kunya. Wannan shirun ne ke kisa. Baba, Inna, in ɗanku ya faɗa muku ya sha, ba lokacin faɗa ba ne, ba lokacin duka ko wa'azi ba ne. Ku ɗauke shi ku tafi, ku gaya wa likita gaskiya. In an dawo gida, ku zauna ku ji abin da ke cinsa, ku nema masa likitan da ke duba damuwa, domin ita ma ciwo ce mai magani. Kai kuma da kake saurarena cikin ƙunci, kake jin ba mafita, ka samu mutum ɗaya da ka yarda da shi ka gaya masa yau, kafin dare. Rayuwarka tana da daraja a wurinmu.

Wasu ƙasashe sun ɗauki mataki a kan yawan abin da ake sayarwa. A 1998 Ingila ta kafa doka cewa kwali ɗaya kada ya wuce ƙwaya 16 a kanti, 32 a kantin magani. Masu bincike na jami'ar Okusfod sun bi sawun abin, suka ba da rahoto a 2013 cewa mutuwa ta wannan hanya ta ragu da kashi 43 cikin 100. Faransa kuma tun Janairun 2020 ta mayar da shi bayan kanta, sai ka tambaya a miƙo maka. A ganina darasin da ke ciki ya fi ƙarfin doka: abin da ke kusa da hannu shi ake sha, don haka kada a tara kati goma a gida, wanda ke akwai kuma a ɗaga shi sama inda yaro ba ya kaiwa.

Mu a nan, dokarmu ta farko ita ce mai kemis. Malam mai kemis, kai ne likitan da yawancin mutanenmu ke fara gani, wani ma kai kaɗai zai gani. Kafin ka miƙa maganin mura, tambayi mai saye me ya sha yau. Kada ka haɗa wa mutum magunguna biyu masu farasitamol a ƙulli ɗaya. Ka daina ɓare ƙwayoyi daga katinsu kana zubawa a leda ba suna, domin ranar da aka kai shi asibiti ba wanda zai san me ya sha. Wanda ya dawo maka kwana na uku da ciwo ɗaya, ka ce masa ya wuce asibiti, ko da cinikin zai wuce ka.

Ku kuma jama'a, in akwai wani a gidanku da kuka san jiya ko shekaranjiya ya wuce ƙwaya 8 a yini, ko yaron da hannu biyu ko uku suka ba shi magani, kada ku jira idonsa ya canja. Ku tattara katunan ku kai shi asibiti yau. Wanda ya ji kuma ya gaya wa maƙwabcinsa da bai kunna rediyo ba.

Allah ya ba marasa lafiyarmu lafiya, na gida da na asibiti.  

[Taken rufe shiri]